Mota ta lotsa: abin da za a iya gyarawa a gida

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ku ɗauka yau ranar kasuwa ce. An ɗora buhunan gero da na wake bisa bashe, an ɗaure awaki a baya. A bakin kasuwa mutane sun yi yawa, dabbobi sun yi yawa, amalanke na shiga, amalanke na fita. Sai wani sa ya juya kai, ƙahonsa ya bugi ƙofar mota. Ko kuwa jaki ya ja da baya, ƙarfen amalanke ya dangwari gefenta. Da anka duba, ƙofa ta lotsa kamar faɗin tafin hannu.

Nan da nan magana ta tashi. Mai mota ya ce a biya shi. Mai sa ya ce shi ba ya da laifi, direba ne ya tsaya cikin dabbobi. Wani lokaci sai an kai gaban mai gari. Alhali sau da yawa abin da ake yi wa wannan hayaniya aikin sa'a guda ne, da icce da guduma da haƙuri.

Yau mota ba ta mutanen birni kaɗai ba ce. Ƙauyuka da yawa suna da tasu: ta wani ɗan kasuwa, ko ta ƙungiyar manoma, ko wadda ƴan'uwa sunka haɗa kuɗi sunka saya bayan dawowa daga bida. Ita ke kai albasa da wake kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Amma masu gyaran jikin mota, waɗanda ake ce wa toliye, galibinsu suna manyan garuruwa kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙwanni da Yamai. Zuwa can yana cin mai, yana cin kwana, ga kuɗin aiki. Kamin mota ta dawo, kasuwa ɗaya ko biyu ta wuce.

Don haka ya kamata mai mota da yaronsa su san irin lotsawar da za su iya gyarawa da kansu, su kuma san wadda ta fi ƙarfinsu.

Mi ya sa jikin mota ke lotsawa da sauƙi?

Ƙarfen jikin ƙaramar mota ba shi da kauri. Galibi bai kai milimeta 1 ba. A masana'anta ake matsa shi cikin wani babban inji, ya ɗauki siffar ƙofa ko ta rufi. Wannan siffa ita ke ba shi ƙarfi, kuma kullum yana neman komawa gare ta.

Ku tuna da kwanon sha. In ya faɗi ya ɗan lotsa, uwargida takan sa babban yatsa ta tura daga ciki, sai ka ji ɓas, ya koma daidai. Amma in an taka shi ya karye ya yi layi, ko an tura layin ba ya ɓacewa. Haka jikin mota yake.

In ka duba lotsawa da kyau, za ka ga abu biyu. Akwai kwarmi a tsakiya. Akwai kuma ɗan tudu da ya kewaye shi, kamar kunyar gona. Wanga tudu shi ke riƙe kwarmin, ya hana shi fitowa. In an kwantar da tudun, kwarmi yakan taso kusan da kansa.

Ga kuskuren da mutane da yawa ke yi: sai su ɗauki guduma su dirka wa tsakiyar kwarmi daga baya. Ƙarfen da anka buga da ƙarfi yana miƙewa, kamar fatar da anka ja. In ya miƙe ba ya komawa. Wurin da ke kwarmi sai ya zama ƙulu, aikin ya fi na farko wuya. Doka ta fari ke nan: a fara daga gefe, a gama a tsakiya, kuma a bi a sannu.

Duba kamin ka taɓa

Ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka share. Ka duba shi da safe ko da marece, lokacin da rana ke bugowa a karkace. Hasken tsakar rana yana ɓoye lotsawa. Ka shafa da tafin hannu kuma, don hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Sa'an nan ka yi wa kanka tambaya 4.

1. Fenti ya tsage, ko yana nan lafiya?
2. Lotsawar mai faɗi ce marar zurfi, ko kuwa ta karye ta yi layi mai kaifi?
3. A tsakiyar ƙarfe take, ko a baki, wurin da ƙarfe ya ninku biyu?
4. Hannu ko icce na iya kai wa bayanta?

In fenti bai tsage ba, lotsawa ba ta da kaifi, tana tsakiya, kuma ana iya kai wa bayanta, to wannan aikin gida ne. In ta yi layi mai kaifi, ko tana bakin ƙofa, za ka iya rage ta, amma ba za ta ɓace duka ba.

Sai kuma ka san irin abin da ke gabanka. Tsofaffin motocin da iyayenmu sunka sani, kamar Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968, ƙarfe ne gaba da baya. Motocin yanzu ba haka suke ba. Abin kare gaba da baya, wato parshok, wanda waɗansu ke ce wa bamba, yawanci roba ce. Waɗansu motoci kuma murfin injinsu na alminiyam ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Ka nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar rediyo ne, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, ko roba ce, ko alminiyam, ko kuwa an taɓa cike wurin da mastik. Alminiyam ba ya komawa da sauƙi, gara a bar wa masu sana'a.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma galibinsu akwai su a gida: guntun icce mai ƙarfi mai santsi, kamar ƙotar fartanya ko kan ƙaramar taɓarya, ƙaramar guduma, tsohuwar robar cikin taya, wato shambur, tsummoki masu tsabta, ƙwallon ƙafa da famfon keke, butar ruwan zafi da bokitin ruwan sanyi.

Kan icce da kan guduma duka a naɗe su da robar shambur, a ɗaure. Ƙarfe tsirara in ya taɓa fenti sai ya fasa shi.

Lokacin aiki ma abin lura ne. Da sanyin safiya na hunturu fenti yana ƙagewa, yana saurin tsagewa. Ka bar mota cikin rana har ƙarfe ya yi ɗumi, amma ba zafin da hannu ba ya iya taɓawa ba. Ka tsai da ita wuri mai daidai, ka kashe inji, ka sa dutse ga ƙafafu.

Hanya ta 1: turawa daga baya

Ita ce ta fi kyau, don ba ta taɓa fenti.

In a ƙofa ne, ka ɗaga gilashi har sama. In gilashin na lantarki ne, bayan ka ɗaga shi ka cire wayar batir mai alamar (-). Ka kwance ƙusoshin marfin cikin ƙofa, ka ɓanɓare shi a hankali, don ƴan maɓallan robar da ke riƙe da shi suna saurin karyewa. Ka zuba ƙusoshin cikin kwano kada su ɓace cikin rairayi. A bayan marfin akwai leda. Kada ka yage ta, ita ke hana ruwa shiga cikin mota. Ka ɗaga ta gefe guda, in an gama a mai da ita.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana turawa daga ciki, ɗaya yana tsaye waje yana duba haske, yana faɗin inda ƙarfe ke motsi. Ka gwada da tafin hannu tukuna. Lotsawa mai faɗi sau da yawa da hannu kaɗai take fita. In ta ƙi, ka sa iccen. Ka tura kaɗan a gefe, ka saki. Ka matsa gaba kamar faɗin yatsa, ka tura, ka saki. Haka za ka yi ta kewayawa, kana matsowa tsakiya, kamar mai ɗinkin faifai amma daga baki zuwa ciki. Turi ɗari ƙanana sun fi babba guda.

Hanya ta 2: ƙwallo da famfo

Akwai wuraren da hannu ba ya kai. Ka sace iskar ƙwallon ƙafa, ka cusa shi tsakanin lotsawar da ƙarfen ciki. Ka hura da famfon keke sannu-sannu. Ƙwallo na kumbura, yana tura ƙarfe waje ba tare da ya yi masa tabo ba. Da ka ji ɓas, ka tsaya, ka sace iska. Ka lura kada ƙwallo ya danne waya ko ƙarfen da ke ɗaga gilashi.

Hanya ta 3: jawowa daga waje

In ba a iya kai wa baya ko kaɗan, sai a jawo. A shagunan birni ana sai da wata roba mai tsotso, mai kamar ƙoƙo da mariƙi. Ka jiƙa ta, ka jiƙa wurin, ka manna, ka ja kai tsaye ba da fizga ba. Tana aiki ga lotsawa mai faɗi marar zurfi. Ga ƙarama mai zurfi ba ta da amfani.

Akwai kuma waɗansu ƴan maɓallan roba da ake mannawa da danƙo mai zafi, in ya sandare a ja. Bayan an gama ana cire danƙon da alkol. Amma in an taɓa sake wa mota fenti, danƙon na iya tahowa da fentin. Kada kuma a yi amfani da danƙon nan mai kama yatsu na cikin ƴan ƙananan kwalabe. Shi ba ya fita sai da fenti.

Hanya ta 4: icce da guduma

Wannan ta lotsawar da ta ƙi fita ce saboda tudun da ya kewaye ta. Mutum ɗaya ya dafa icce a bayan kwarmi, yana turawa waje da ɗan ƙarfi. Na waje ya riƙa ƙwanƙwasa tudun da gudumar da anka naɗe. Ƙwanƙwasa ce kamar ta mai sallama a ƙofa, ba bugun maƙeri ba. Tudu na kwantawa, kwarmi na tasowa. Bayan kowane bugu 10 a tsaya, a shafa, a duba.

Kada a buga daidai wurin da icce yake a baya. In ƙarfe ya shiga tsakanin guduma da abu mai tauri, sai ya miƙe. In ka ga lotsawa ta fita saura ɗan alama, ka tsaya nan. Neman ta ɓace sarai shi ke ɓata aiki.

Hanya ta 5: ruwan zafi ga parshok na roba

Roba in ta ji zafi tana laushi. Ka tafasa ruwa, ka zuba a hankali bisa wurin da ya lotsa da kewayensa. Nan take ka sa hannu ta baya, ka tura. Ka naɗe hannunka da tsumma mai kauri, ko ka tura da icce. In ta fito, ka riƙe ta haka, wani ya zuba ruwan sanyi don ta sandare. In ba ta fita duka ba, a sake. Yara su yi nisa, kuma kada ruwa ya taɓa fitila ko wayoyinta. Ruwan zafi na roba ne kawai. Ga ƙarfe ba ya yin kome.

In fenti ya tsage fa?

Nan ne babbar magana take. Lotsawa muni kawai take jawowa, mota na tafiya da ita shekara da shekaru. Tsatsa kuwa cin ƙarfe take. Fenti shi ne rigar ƙarfe. In ya tsage, ruwa da iska sun sami hanya. Da rani abin yana tafiya sannu. Amma da damana ta faɗi, tsatsa sai ta shiga ƙarƙashin fenti tana ci, kamar gara cikin azara. Daga waje ka ga ɗan tabo, ran da ka danna sai yatsa ya wuce. Ƙarfen da bai kai milimeta 1 ba, ba shi da abin da zai ba tsatsa.

Don haka ko ba ka gyara lotsawar ba, ka rufe tsagar kamin ruwan fari. Ga yadda ake yi.

Ka goge wurin da takarda mai yashi, wadda ake ce wa samfefa. Tana da lamba a baya. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. Ka fara da lamba 80 har tsatsa ta fita, ƙarfe ya yi fari. Ka bi da 180, ka gama da 320 ko 400. Ka ɗaure hanci da baki da ƙyalle, don ƙurar fenti ba ta da kyau ga ƙirji.

Ka share wurin tas, kada maiƙo ya saura. Ka shafa fentin hana tsatsa, ka bari ya bushe. Bayan haka a sa fentin launi, shafi marar kauri sau 2 ko 3, ana bari yana bushewa tsakani. A yi shi cikin inuwa, ranar da babu iska da ƙura. Yawancin motoci suna da lambar launinsu a rubuce bisa wani ɗan allo, a jikin madogarar ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji. Ka kwafe lambar ka kai wa mai sai da fenti.

In akwai ɗan kwarmi da ya saura, ana cike shi da mastik bayan an goge ƙarfe, kamin a sa fenti. Mastik yana zuwa da ɗan maganin da ke sa shi sandarewa. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, don cikin ƴan mintoci yake daskarewa, da zafin bazara ma ya fi sauri. Kaurinsa kada ya wuce milimeta 3. Mastik mai kauri ba ya jure girgizar hanyoyinmu na karkara, sai ya tsage ya faɗi, a tarar da tsatsa a ƙarƙashi.

In babu fenti a kusa, ka shafa man giris bisa tsagar ya riƙe ta kamin ka je birni. Sai dai ranar fenti dole a wanke shi sarai.

Tun da ka buɗe ƙofa, ka duba ƙasanta. Akwai ƴan ramuka da ruwa ke fita. Ƙura da laka suna toshe su, ruwa ya kwanta, ƙofa ta ruɓe daga ciki. Ka tsokale su da tsinke.

Tankin moto: hattara!

Babura sun yi yawa a ƙauyukanmu, kuma in babur ya faɗi tankinsa ne ke lotsawa. A nan kuskure na iya cin rai. Kada a kusantar da wuta ga tankin mai, ko garwashi, ko walda, ko taba. Kada a ce ai an zubar da man. Tankin da babu mai ciki yana cike da tururin fetur, kuma tururin ne ke fashewa. Kada kuma a toshe tanki a hura masa iska da famfo. Zai kumbure ta inda ba a so, ko ya fashe a ɗinki. In tanki ba ya yoyo, a rufe tsagar fenti a bar shi haka. In yana yoyo, a sake wani, ko a kai wa wanda ya san aikin.

Ga jikin mota ma, kada a gasa ƙarfe da garwashi, fenti zai ƙone. Kada kuma a huda rami don a sa ƙusa a jawo lotsawa. Kowane rami ƙofar tsatsa ce.

Yaushe za a je wurin toliye?

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A kai mota gareji in an ga ɗaya daga cikin waɗanga: ƙofa ko murfin inji ba su rufuwa daidai, mota na janyewa gefe guda bisa hanya, ƙarfe na gogar taya, ruwa ko mai na ɗiga bayan bugun, fitila ta fashe ko ta karkace, ginshiƙan da ke riƙe da rufi sun lanƙwashe. Waɗannan ba maganar kyau ba ce, maganar rayukan fasinja ce.

In kuma karo ne da wata mota, ko an ji wa mutum ciwo, kada a taɓa kome sai jandarma da masu asirans sun gani. Wanda ya yi gaggawar gyara ya share shaidarsa da hannunsa.

Amfani biyu na ƙarshe

Na fari, ga mai niyyar sayen tsohuwar mota. Ka tafi da mayen ƙarfenka naɗe cikin ƙyalle. Ka bi ƙofofi da gefuna da shi. Inda ya kama ko'ina amma ya saki a wuri guda, akwai mastik mai kauri a nan, motar ta taɓa bugawa. Ka tambaya, ka rage kuɗi, ko ka nemi wata.

Na biyu, ga mai dabba da mai mota. Kamin murya ta tashi, ku tsaya ku biyu ku duba wurin, ku yi tambayoyin nan 4. In fenti lafiya yake kuma hannu na kai wa baya, ku haɗu ku gyara, kowa ya kama hanyarsa. In aikin gareji ne, a tambayi toliye kuɗin aiki tukuna, sa'an nan a yi sulhu bisa abin da ya faɗa, ba bisa fushi ba. Makiyayi da direba gobe ma za su gamu, don motar nan ce ke kai awakinsa kasuwa.

Rigakafi ya fi magani. Ranar kasuwa a tsai da mota nesa da turken shanu. Kada a bar mutane su zauna bisa murfin inji ko bisa rufin da ba shi da ƙarfen kaya. A sa tabarma ko buhu tsakanin kaya da jikin mota, a ɗaure tam. Da farkon damana, lokacin iska mai ƙarfi, kada a kwana da mota ƙarƙashin icce mai busassun rassa, ko kusa da rufin kwanon da bai kafu ba.

Ƴan'uwa, damana na tafe. Kowane mai mota ya kewaya tasa gobe da safe, ya duba inda fenti ya tsage, ya rufe shi tun ruwa bai sauka ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damana mai albarka.